Wasiƙa daga Jidda: Kek ɗin da na kai Makka

Ƙawata, aminiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya tare da maigida da yara da su Hajiya, kamar yadda muke lafiya a nan Jidda. Saƙonki ya iso, na kuma ga hoton kek ɗin sunan da kika yi wa ƙanwar mijinki, har kike tambayata ko lokaci ya yi da za ki fara karɓar aikin biki. Ban ba ki amsa ta waya ba ne domin maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna in rubuta miki labarin aikin da na kai Makka makon jiya, ki auna da kanki.

Masu bikin 'yan uwanmu ne Hausawa, irin waɗanda kakanninsu suka taso daga Kano da ƙafa, suka ratsa Borno da Sudan, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin, suka zauna a Makka har ta zame musu gida. Wata biyu kafin biki amarya ta zo wurina tare da mahaifiyarta da kakarta. Ita amarya farin kek take so mai furanni, irin wanda take gani a Instagram, ita kuwa tsohuwa ta ce ba za a aurar da jikarta da abin da babu alamar gida a jikinsa ba. Mun daɗe muna tattaunawa, sai tsohuwar ta sa aka nuno mini hoton marigayi mijinta sanye da babbar riga mai aikin aska takwas. A nan muka tsaya: kek zai kasance fari kamar yadda amarya take so, amma a hawan ƙasa zan zana aikin rigar, fari a kan fari, yadda sai wanda ya matso kusa zai gane shi. Na karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, wanda a nan ake kira arabun, na rubuta duk abin da muka amince a kai na tura musu, domin magana ta baka ba ta kai wata biyu ba ta canja kama ba.

Hawa huɗu muka yi, masu faɗin inci 12 da 10 da 8 da 6, wanda zai ishi mutum kamar 130 idan an yanka shi yankan biki. Da suka ce baƙinsu mata za su fi haka, na ba su shawarar a ƙara wani shimfiɗaɗɗen kek da za a yanka a kicin, maimakon a ƙara hawa na biyar wanda zai ƙara tsada da haɗari. Hawan ƙasa na dabino da hel ne, wato kayan ƙanshin da Larabawa ke sa wa gahawa, sauran na banila, kuma na jiƙa kowane da ruwan sukari mai ɗan ruwan wardin Ɗa'if, kaɗan ƙwarai, domin idan ya yi yawa sai mutum ya ji kamar turare yake ci. Garin banila nake amfani da shi, ba na ruwa da ake haɗawa da barasa ba, haka kuma ba na sayen fondan, wato kwaɓaɓɓen sukarin da ake lulluɓe kek da shi, sai na karanta jikin robar na tabbatar da halaccin abin da aka haɗa shi da shi.

Furannin sukari su na fara yi, mako biyu kafin ranar, domin kowane ganye sai an murza shi ya yi siriri, a soka masa waya, a bar shi ya bushe sarai. Tun da daren Alhamis za a yi bikin, ranar Talata na gasa kek ɗin a zafin digiri 160, na bar shi ya kwana domin cikinsa ya zauna. Ranar Laraba na datse saman kowane ya daidaita, na haɗa su, na shafe su da ganash, wato narkakken farin cakulan da aka haɗa da kirim, sannan na lulluɓe da fondan. Ba na shafa bota-kirim, wato botar da aka buga da sukari, a wajen kek ɗin biki a lokacin zafi, saboda bota tana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, alhali zafin Makka a waɗannan watanni yakan wuce 40. Jidda kuma tana da tata matsalar, wato laimar teku. Idan kika fitar da kek mai sanyi daga firij kai tsaye zuwa iskar waje, nan take zai tsatsafo da zufa, launi ya fara zuba, aikin kwana uku ya lalace a gaban idonki. Don haka a cikin kwali nake sa shi a firij, in fitar da shi da kwalin a rufe, in bar shi a ɗaki mai na'urar sanyi ya huce a hankali.

Zanen aska takwas ɗin shi ya fi cin raina. Na zauna da hoton rigar a gabana tun bayan sallar Isha, ina matsa aisin, wato damammen sukarin da ake zane da shi a kan kek, ta bakin da bai fi tsinin allura ba, ina juya faifan kaɗan kaɗan, ina riƙe numfashi duk lokacin da zan ja dogon layi. Sau biyu ina kankare gefe guda in sake, domin tsinin askar bai fito yadda maɗinkan gida suke fitar da shi ba. Lokacin da na ajiye hannu, an kusa kiran assalatu.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne abin da ba ya fitowa a hoto. Kek ba ya ɗaukar nauyin kek. Kowane hawa yana zaune ne a kan faifansa na kwali mai ƙarfi, faifan kuma yana kan sanduna da aka kafa a cikin hawan da ke ƙasa, waɗanda dole a yanke su tsayi ɗaya, domin idan ɗaya ta fi sauran ko da kaurin farce ne, ginin zai karkata. Ina da ƙaramin lebul irin na magina, ba na ɗora wani hawa sai na aza shi na ga ƙwayar ta tsaya a tsakiya.

Daga Jidda zuwa Makka tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, amma a wurina ita ce rabin aikin. Kafin 2018, lokacin da aka ba mata izinin tuƙi, sai dai in ɗauki direba, kuma ba na mantawa da ranar da wani ya taka birki da ƙarfi a bakin danja, kek mai hawa uku ya zame ya daki bangon kwalinsa, na koma gida ina kuka na mayar wa mutane kuɗinsu. Yanzu da kaina nake tuƙawa. Na kunna sanyin mota minti 20 kafin in fito da kaya, na shimfiɗa tabarmar roba mai hana zamewa a bayan mota inda yake a miƙe, domin kujera a karkace take ko da ido bai gani ba. Hawa biyu na ƙasa a haɗe na ɗauke su, na sama biyu kowane a kwalinsa, furanni kuma a akwati dabam a kan cinyar 'yar yayata. Muka tashi bayan La'asar, muka wuce shingen bincike na Shumaisi da ke hanyar shiga Makka, masu sauri suna ta yi mini hon, ban ƙara gudu ba.

Da muka isa zauren biki, sai na tarar an ajiye teburin kek kusa da ƙofar da ma'aikata suke shige da fice, inda iska mai zafi take bugowa, ƙafarsa ɗaya kuma tana rawa. Na roƙi mai kula da wurin cikin ladabi, aka mayar da shi gefen kosha, wato mazaunin amarya, nesa da manyan fitilu, na cusa naɗaɗɗen kwali a ƙarƙashin ƙafar har lebul ya amince. Wajen ɗora hawa na uku ne yatsana ya taɓa gefen na biyu, ya bar ɗan rami kamar girman ƙwayar gyaɗa. Gabana ya faɗi, amma saboda irin wannan nake tafiya da jakar gyara mai ragowar fondan da aisin da furanni na ƙari. Na shafe wurin da bayan ƙaramin cokali, na sauko da fure ɗaya na rufe shi, har jerin furannin ya fi yadda na tsara kyau.

Kakar amarya ta riga baƙi shigowa. Ta zo tana dogara sanda, ta sunkuya a gaban hawan ƙasa, ta kai yatsa kusa da zanen tana bin layinsa a iska ba tare da ta taɓa ba. Ta ɗauki lokaci ba ta ce komai ba, sannan ta juyo ta kama hannuna ta ce, "'Yata, wannan rigar Malam ce. Allah ya yi miki albarka." Ban tsaya ganin shigowar amarya ba, domin a nan sai dare ya raba ake yin ta. Na nuna wa masu yanka inda sandunan suke, na ɗauki hoto a matsayin shaidar cewa na miƙa shi lafiya, muka kamo hanyar Jidda.

Amsar tambayarki ita ce, hannunki ya kai, na ga haka a hoton. Abin da nake jiye miki shi ne wuta da hanya. Kada ki karɓi kek ɗin biki sai kina da firij da ba ya mutuwa idan an ɗauke wuta, da motar da kika amince da sanyinta da mai tuƙa ta, kuma ki bi hanyar zauren da kanki kwana ɗaya kafin biki ki san inda ramuka suke. Ki fara da hawa biyu, ki sa kuɗin kaiwa a cikin farashi tun farko, kamar yadda na koyi yi bayan harajin kaya ya koma kashi 15 cikin 100 a 2020 na ga ribata tana narkewa. Idan ƙanin maigida zai dawo daga Umara, zan ba shi lebul guda da bakunan matsa aisin ya kawo miki, sai ki gaya mini ko kina buƙatar ruwan wardin ma.

Ki gaishe mini da Hajiya da maigida, ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Jidda