Sanarwa kan shirye-shiryen ɗakin karatu

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Ɗakin karatun jami'a ya fitar da jadawalin shirye-shiryensa na wannan zango, yana nan liƙe a allon sanarwa na bakin ƙofa. Akwai zagayawa da sababbin ɗalibai su ga sassan ginin, akwai baje kolin tsofaffin rubuce-rubuce, amma ni wanda nake so kowa ya halarta shi ne horon Zotero.

Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce ta kyauta da ke adana maka bayanan littattafai da muƙalun da ka karanta, sannan ta jera maka madogara da kanta, a salon APA ko MLA. Masu rubuta kundin kammala karatu, da ku nake. Na taɓa ganin wanda ya kwana uku yana gyaran waƙafi da aya a jerin madogararsa, abin tausayi, alhali aikin ƴan mintuna ne. Kowa ya sauke manhajar a kwamfutarsa tun daga gida, kada lokaci ya ƙare a jiran intanet.

A watan Oktoba kuma, cikin makon buɗaɗɗen bincike na duniya, za a nuna yadda ake neman mujallun kyauta a DOAJ, shafin intanet da ke jera irin waɗannan mujallu, wanda ke aiki tun 2003, da yadda mai bincike zai mallaki lambar ORCID mai alƙaluma 16, wato lambar shaida da ke bambanta shi da sauran masu bincike.

Ana rajista a teburin ma'aikata. Wanda ya yi ya faɗa mana a nan. Don Allah a rage ture-ture yau, kada sanarwar ta nutse.