Shukar kwalba ba sihiri ba ce, ku kawo mana masana su yi bayani

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ku da ma'aikata baki ɗaya. Ni mai sauraron shirinku na noma da kiwo ne daga nan Garwa, na rubuto ne akan maganar da wani bawan Allah ya bugo waya ya yi, inda yace wai dabino da ayabar da ake rainonsu a kwalba sihirin Turawa ne, duk wanda ya dasa gonarsa zata mutu. Ba wanda ya tanka masa aka wuce, abin ya tsaya mun a rai wallahi, don manoma daga Pitowa har Gider abin da suka ji a rediyo shi suke riƙewa.

In ka raba ƙwayar gyaɗa biyu zaka ga wani ɗan mitsitsin abu maƙale a gefe ɗaya, to shi ne ɗan tayin shuka, shi ke fitar da saiwa da ganye. Bisa al'ada sai fure ya samu barbara yake samuwa. Amma tun 1958 masana biyu, Steward a Amurka da Reinert a Jamus, suka nuna cewa ƙwayoyin halittar jikin karas ma zasu iya komawa ɗan tayi ba fure ba barbara. Na ga yadda ake yi da idona lokacin ina karatun aikin gona. Ana yanko ɗan guntun tsiro a wanke shi tas, a ɗora kan wani abu mai kamar kunun da ya daskare a cikin kwalba, da sukari da gishirin abincin shuka a ciki, sai a ɗiga 2,4-D kaɗan, eh shi dai maganin ciyawan nan da ake fesawa a gonar masara, amma ɗan ƙanƙani ƙwarai. Bayan makonni wurin yankan ya kumbura ya yi fari-fari, in aka janye maganin sai ka ga ƙananan ƙwallaye suna ɓullowa, su koma siffar zuciya, su miƙe, har su yi saiwa da ganye kore. Abin da ya fito galibi irin uwarsa ne sak, ba a ƙara masa komai daga waje ba.

Ku duba dabino kawai. Mutanenmu na Cadi masu kawo shi daga wajen Faya sun sani, in ka shuka ƙwallo kusan rabi maza ne, kuma sai ka yi shekaru kana ban ruwa kafin ka gane namiji ka raina, macen da ta fito ma ba lallai ta yi zaƙin uwarta ba. Ƴaƴan gindi da ake cirewa a dasa kuma kaɗan bishiya ke bayarwa. Ta hanyar kwalba mace ɗaya mai kyau sai a samu dubbai irinta. Maroko ma da rainon kwalba take mayar da dabinon da cutar bayud ta kashe mata.

Ba wai ba a taɓa samun matsala ba fa. A Maleshiya kwakwar manjan da aka raina haka wasu sun girma lafiya amma ƴaƴan suka fito a gurɓace, man kaɗan, aka yi asara, sai 2015 aka gano cewa wata alama ce da ke kulle wani sashe na ƙwayar gado ta goge lokacin rainon. Saboda haka mai tambaya akan inganci yana da gaskiya, ya tambayi daga ina dashen ya fito kuma wa ya gwada shi. Maganar sihiri ce ban yarda da ita ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne nan. Ba kowace shuka ke yarda ta yi ɗan tayi a kwalba ba, kuma namu na nan su ne masu taurin kai. Auduga misali, yawancin ire-irenta ƙi suke yi, shi ya sa ɗakunan gwaji da yawa suka dogara da wani tsohon irin Amurka mai suna Coker 312. Dawa ma haka take da wuya. Dalili yana cikin ƙwayoyin gado, akwai waɗanda aikinsu kenan su ba ƙwayar halitta umarni ta koma ɗan tayi, irin su LEC1 da WUSCHEL da BABY BOOM wadda Kim Boutilier da abokan aikinta suka gano a Holan a 2002. A 2016 masu binciken kamfanin DuPont Pioneer suka nuna in aka kunna BABY BOOM da WUSCHEL tare, masarar da a da take ƙi sai ta amsa, har dawa da rake da shinkafa. Daga baya a Jami'ar Kalifoniya ta Davis, Sundaresan da Khanday suka sa shinkafa ta yi irin da ke kwafin uwarsa ba tare da barbara ba, a 2022 kuma tare da cibiyar CIRAD ta Faransa aka kai sama da kashi 95 cikin 100 na irin suna fitowa kwafin uwarsu. Ma'ana manomin Yagwa ko Lagdo zai iya ajiye irin aure, wato wanda aka samu ta haɗa iri biyu daban, daga girbinsa ya sake shukawa bai rage albarka ba, maimakon duk damina ya nemi sefa ya sayi sabo. Wannan kam an taɓa ƙwayoyin gado, ba ɗaya yake da dabinon kwalba ba, kuma har yanzu gwaji ake yi, ya kamata a faɗa wa mutane bambancin ƙarara su yanke hukunci da saninsu.

To masakwarmu, dawar rani da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan damina fa, wa zai yi mata wannan aikin? Kamfanin waje ba zai kashe kuɗinsa akan hatsin da ba ya sayarwa ba. Muna da cibiyar binciken noma ta IRAD a Marwa da Garwa, muna da jami'o'i a Marwa da Ngaundare, Cadi na da tata cibiyar ITRAD, ga yara masu ƙwaƙwalwa suna gama karatu suna komawa tuƙa babur. Roƙona Malam Edita ku ware shiri guda cikakke, ku gayyato masanin iri daga ɗaya cikin wuraren nan ya yi magana da Hausa da Fulatanci, a buɗe waya manoma su yi tambaya, har shi mai maganar sihirin a kira shi. Ni tambayata a ranar ita ce ko akwai wanda ya fara gwada masakwa da audugarmu a kwalba, in babu me ake buƙata a fara.

Allah ya ƙara basira, na gode.

Naku mai sauraro,
daga Garwa, Kamaru