Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni nawa aka biya ni

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Juma'a da aka idar da salla a Agege, ka tare ni a gaban jama'a kan zancen hana farar robar zuba abinci ka ce: "Nawa aka biya ka kake taya gwamnati kashe kasuwar 'yan'uwanka?" Na yi shiru a wurin saboda girman furfurarka, amma maganar ta ƙi barin raina.

Ko sisin kwabo ba a ba ni ba. Shekarata 22 a Legas, ka bincika daga Agege har Mile 12 ko akwai wanda ya taɓa ganina ina bin ofisoshi da ƙoƙon bara.

E, na goyi bayan hana farar robar zuba abinci da gwamnatin jiha ta yi a Janairun 2024, da matsa lambar da ta fara ranar 1 ga Yulin 2025 a kan robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Dalilina yana ƙofar shagona. Duk damina sai na naɗe wando na shiga kwata da shebur, abin da nake kwasowa kuwa ita ce, fara fat, ta cunkushe bakin magudana. Ba ta ruɓewa, ɗan bola ma ba ya ɗaukarta don babu mai saye a kilo. Akwai daren da ruwa ya shigo min har ya jiƙa buhunan shinkafa na ƙasa.

Zancen da ka yi kuma cewa hanin ya haɗa da ledar fiya wata, haramcin bai shafe ta ba.

Alhaji, kowa ya san katan-katan na wannan roba da ke jibge a sitonka. Da ka fito ka ce jarinka ne ya maƙale, wallahi da na tausaya maka, don asara ba daɗi. Amma ka fake da 'yan'uwa, wannan ne ya ƙona min rai.

Su wane ne 'yan'uwan? Tun Janairun 2018 da aka hana tura kurar shara, yaranmu 'yan bola ke cikin wahala. A kama yaro, a ƙwace kura, ya koma ɗaki hannu rabbana, alhali su ne ke tsince gorar roba da ƙarfe a lungu da juji har babban jujin Olusosun. Takardar da muka rubuta wa Majalisar Dokoki a Alausa roƙonta ke nan: duk gyaran da za a yi wa dokar muhalli ta 2017, a yi wa yaran nan rajista, a ba su katin shaida da wurin tace kaya. Mun bi manyanmu gida-gida neman sa hannu, yawancinsu suka ce mu dawo gobe. Kai sau biyu muka zo ƙofarka aka ce kana barci.

Takardar tana shagona har ranar Litinin da za mu kai ta, kuma akwai sauran wurin sa hannu.

Wassalam.