Wai firamaren gwamnati ta waye, Abuja ko jiha ko ƙaramar hukuma?

Assalamu alaikum Malam Edita, fatan kana lafiya kai da abokan aiki. Ni ɗan kwamitin iyaye ne a firamaren unguwarmu, abin da ya sa na rubuto kuwa tun farkon damina iska ta yaye kwanon aji biyu, har yau ɗin nan ƴan aji uku da huɗu a gindin dalbejiya suke karatu, allon ma jingine shi ake da bishiyar, da hadari ya taso sai hedimasta ya ce kowa ya kama gabansa. Mun kai kuka ofishin ilimi na kusa da mu aka ce su nasu malamai ne, gini sai birni, muka yi karo-karon kuɗin mota muka je birni aka ce ana jiran kuɗin Abuja.

To ni dai da na bi diddigi sai na ga ashe sau da yawa Abujar ce ke jiran jiha. Dokar UBE, wato ta ilimin bai-ɗaya a matakin farko, ta 2004 ta ce gwamnatin tarayya ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta don ilimi a matakin farko, hukumar UBEC ta tarayya mai kula da wannan ilimi ke riƙe da su, amma kason gini da gyaran ajujuwa ba a sakin sa sai jiha ta ajiye nata daidai wa daida, ka kawo naira a ba ka naira. Gwamnan da bai kawo ba shike nan, kuɗin yaransa na can kwance, kuma shekara da shekaru ana jin biliyoyi sun taru jihohi ba su ɗauka ba. Kuɗin gadar sama dai ba ya wuyar samuwa, Allah na tuba.

Albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa, ta asusun haɗakar nan na jiha da ƙananan hukumomi da gwamnoni ke juyawa yadda suka so. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mutane suka yi ta murna, ni kam murnata rabi ce, don wanda ya ga yadda malaman firamaren Abuja suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ya san ciyaman ma ba waliyyi ba ne. A birnin tarayya fa kenan, ina ga ƙauyenmu.

Roƙona Malam Edita, ku daina gayyato su ɗai-ɗai, kowa ya zo ya wanke kansa ya tafi. Ku haɗa mana mutumin UBEC da shugaban SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ciyaman ɗaya a shiri guda, ku buɗe waya mu kira. Sannan ku samo jerin jihohin da ba su biya nasu kason ba ku karanto suna-suna, shekara nawa ake bin kowacce.

Mu dai a zaman kwamiti na ranar Asabar mun yanke kowane magidanci ya kawo ɗari biyar, mun samu kuɗin bandir ɗaya na kwano, katako da kuɗin kafinta ne suka rage.

Naka,
Wani uba mai sauraronku kullum