Sanarwa kan killace kaji

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dokar killace kaji saboda murar tsuntsaye tana nan, ba a ɗage ta ba, kuma ta haɗa da agwagi, zabi da talotalo, ko da guda biyu kake kiwo.

Rufe akurki kaɗai bai wadatar ba. Ƙwayar H5N1, mai jawo murar tsuntsaye, tana bin kashin tsuntsayen daji, saboda haka a yi wa wurin rufi, a sa raga mai ƙananan ƙofofi, tsaba da ruwa su koma ciki. Takalmin shiga akurki ya zama daban. Masu agwagi ku ƙara kula, domin agwagwa kan ɗauki cutar tana yawonta lafiya lau, kaji kuwa su zube.

Har yanzu wasu na sakin nasu da yamma, wai su ɗan sha iska. Don Allah a bari. Wanda ya ga na maƙwabci a waje ya same shi su biyu, kada a jefo hoto rukuni, wataƙila raga ce ba shi da ita.

In kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, ko kai ya kumbura, ko ƙwai ya ragu, a kira likitan dabbobi. Kada a taɓa mushe da hannu.