Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Bauchi: A Ba Masu Fasaha Zauren Haɗuwa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Bauchi, Alhaji Dokta Rilwanu Sulaiman Adamu,
Ta hannun Majalisar Masarautar Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka ne masu cin abinci da fasaha a cikin birnin Bauchi da kewayensa. A cikinmu akwai maɗinka babbar riga da masu ɗinkin hula, da dukawa, da maƙera, da magina, da makaɗa da mabusa. Akwai kuma 'ya'yanmu marubuta, da masu zane, da masu ɗaukar hoto, da 'yan wasan kwaikwayo da na fim. Kukanmu ɗaya ne: gari ɗaya muke, amma ba mu san juna ba, kuma ba mu da inda za mu zauna mu san juna.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne tsofaffin gwanayenmu suna tafiya da iliminsu. Dattijon da zai zauna a zaure da allura da zare ya yi makonni yana fitar da aska takwas a gaban riga, yau ba shi da yaro ko ɗaya a gefensa. 'Ya'yansa sun ga keken surfani yana gama riga cikin 'yan kwanaki, sun ga mai saye ba ya bambance aikin hannu da na keke sai wajen taya kuɗi, sai suka kama tuƙin Keke Napep. Ba mu ga laifinsu ba, ciki ba ya jira. Haka badukun da ke yin kayan doki yake: mutane na tuna shi idan Sallah ta gabato, bayan hawa kuma sai wata shekarar. Mai busa algaita ma nasa kukan ke nan.

A ɗaya gefen ga matasanmu da hazaƙa, amma ba jagora. Yaro zai shirya wasan kwaikwayo na tarihi, ya tafi har Kano neman hayar kaya, alhali a lungun bayan gidansu akwai wanda ya san yadda ake naɗa rawani irin na kowace sarauta. Yarinya za ta raba dare tana rubuta labari a waya, ta sayar wa masu karatu ta WhatsApp, kafin gari ya waye wata ta tura shi zauruka goma kyauta. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023, amma wa zai karanta mata ita da Hausa, ya nuna mata ƙofar da za ta kai ƙara?

Allah ya taimaki Sarki, ba sabon abu muka zo da shi ba. A garin nan, cikin shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman muhawara tare da sauran malamai da ma'aikata, kuma duk Arewa ta ci moriyar wannan zama. Sa'adu mawaƙi ne, Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta littafin ƙagaggen labari tun kafin ya zama Firayim Minista. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin shahararren magini Babban Gwani, yana nan tsaye, kuma yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta keɓe. Amma matasan da ke karatun tsara gine-gine a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, nawa ne suka taɓa zama da maginin da ya san yadda ake kafa bakan gizo na rufin soro da azara? Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka babban roƙonmu shi ne wuri. Ba ginin bene muke nema ba. Gida ɗaya mai zaure da tsakar gida, a cikin gari inda mai ƙafa zai iya zuwa, ya ishe mu. Mu za mu yi yaɓe, mu yi daɓe, masu zanenmu su ƙawata bango, mu riƙa haɗa kuɗin wuta da ruwa daga aljihunmu. Muna so a ware wa mata ranakunsu da ɗakinsu, domin da yawa daga cikin marubuta da masu ɗinkin hula matan aure ne, kuma mazajensu za su fi sakin jiki idan suka ji wurin yana ƙarƙashin inuwar fada.

Wannan inuwa ita ce dalilin da ya sa muka kawo kukanmu nan. Tun kaka da kakanni masarauta ke naɗa wa sana'o'i shugabanni, kuma idan Sarki ya kira sarakunan sana'a ba wanda zai ƙi amsawa. Muna roƙon a wakilta ɗaya daga cikin 'yan majalisa ya zama ubanmu, ya tara su da matasan, kowane gwani a ba shi almajirai biyu ko uku. Shi ne kuma zai riƙa sasanta mu idan an samu saɓani, musamman kan masu karɓar aiki su hana kuɗi, abin da ya durƙusar da da yawa a cikinmu.

Sai kuma lokacin Sallah. Baƙi na cika gari don kallon hawa, wasu su zarce Yankari, su tafi ba su sayi ko hula ɗaya ta Bauchi ba. A ba mu izinin baje kayanmu da littattafanmu na yini biyu a kusa da ƙofar fada, bisa tsarin da majalisa ta ga ya dace.

Mun yi alkawari wurin nan ba zai zama dandalin siyasa ba, kuma duk abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya ba zai shiga ba. Sunayenmu da sana'o'inmu da unguwanninmu suna haɗe da wannan takarda, waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa. Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu, dattawa da matasa da mata, za su zo su faɗi gaisuwa, su kuma kawo samfurin aikinsu Sarki ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da lafiya, ya zaunar da ƙasar Bauchi lafiya.

Mu ne masu biyayya,
Masu sana'o'in fasaha na birnin Bauchi da kewaye.