Uwata, Zo Mu Yi Maganar Wayar Nan

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya kuma karatu na tafiya daidai. Mahaifiyarki ta ce in ta tashi sallar dare takan ga alamar kina kan WhatsApp, kuma da kuka yi waya kin ce mata kwanan nan ranki a jagule yake, ba ki san dalili ba. Na ga gara in rubuto, don in na kira ki "to Baba" kawai za ki ce, zance ya mutu.

Ba cewa zan yi ki jefar da wayar ba, ni na saya miki. So nake ki san da wa kike hulɗa. Ban da kuɗin data, ko sisi ba kya biyan Instagram ko TikTok. Da talla suke samun kuɗi, talla kuwa ba ta ciniki sai idonki na kan wayar. Shi ya sa bidiyo bai gama ƙarewa ba wani ya faɗo, kuma duk abin da kika ɗan tsaya a kansa irinsa za a yi ta jero miki. Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa da bakinsa a 2017 cewa tun asali an tsara shafin ne don ya ci lokaci da hankalin mutum iya yadda zai yiwu. Kin ga in kin kasa ajiyewa, ba rauninki kaɗai ba ne, da gangan aka yi.

Sun kuma san ɓarnar. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, mai suna Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida har ta ba da shaida a majalisar dattawan Amurka. A ciki binciken kamfanin da kansa ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce in ba sa jin daɗin surar jikinsu, Instagram ƙara dagula musu rai yake yi. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa yaran da ke wuce awa 3 a rana a shafukan nan, haɗarin samun alamun ciwon damuwa da fargaba ya ninka a kansu. Ostireliya ma a 2024 doka ta yi, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi. Kin wuce shekarun nan, na sani, amma ba a girme wa kwatanta kai da wasu. Ga iyayenku mata nan.

Nan ne na fi jin tsoro. Kina kwance a ɗakin makaranta, kin sha gari kin kwanta, sai ga bikin wata: akwatunan lefe a jere, ƙawaye cikin anko, fata sumul. Ba wanda zai ɗora miki hoton bashin da aka ci, ko rigar da aka aro, ko yadda aka tace fuskar kafin a saki. Ki ga irin wannan sau ɗari a dare guda, gari zai waye kina raina abincinki, da launin fatarki, da gidan ubanki. Ta nan man bilicin ke shiga, ta nan yarinya ke fara sauraron wanda bai kamata ta saurara ba. Annabi (SAW) ya ce mu dubi na ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Wayar nan kuwa na sama kawai take nuna miki, shi ma na bogi. Ga rashin barci a kai, wanda shi kaɗai ya isa ya hana ki gane karatu.

Sai abin da ke fita daga hannunki. Kina ƙarama a 2014, lokacin Ebola, aka yaɗa saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, har aka rasa rayuka. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba na rikicin ba, har da bidiyon da aka ɗauko daga wata ƙasa, suka rura wutar kashe-kashe a Filato. Da yawa cikin masu turawar gani suke taimako suke yi. Suratul Hujurat ta ce a bincika labari kafin a yarda, ta kuma hana giba. Guruf ɗin ƙawaye bai fita daga hukuncin nan ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta, wani ya ɗauki hotonta ya ajiye. Hoton da ba za ki so in gani ba, kada ki tura wa kowa, ko da wanda ya ce zai aure ki ne.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. Ƙarfe 10 na dare ki kashe data, ki sa wayar a jaka, nesa da matashin kanki. Duk shafin da in kin fito daga cikinsa kike jin kin raina kanki, ki daina bin sa. In kuma ƙuncin nan ya haura mako 2, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, ki je asibitin makaranta ki ga likita, ki haɗa da addu'a. Ciwo ne, yana da magani, ba abin kunya ba ne. Ki kira ni, zan zo in raka ki.

Na tura miki kuɗin littattafan, ki duba. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.